Dacewa da Tsohuwar Siga da Sauyin Dogaro a Laburaren Python

Laburare a fannin shirya manhaja tarin umarni ne da wani ya rubuta ya wallafa, domin wasu su ɗora aikinsu a kai ba sai sun fara daga tushe ba. Ana cewa sabuwar siga ta dace da tsohuwa idan manhajar da aka gina kan tsohuwar ta ci gaba da aiki ba tare da an taɓa ta ba. Abin da ke dagula lamarin shi ne laburare ba ya tsayawa shi kaɗai. Yana dogara da wasu, su ma suna dogara da wasu, har sauyi a can ƙasan jeri ya iya tsayar da manhajar wanda bai taɓa jin sunan laburaren da ya sauya ba. Tarihin harshen Python ya nuna wannan a fili.

An fitar da Python 3.0 a watan Disamba na 2008, kuma da gangan aka karya dacewarsa da Python 2. Wasu sauye-sauyen suna bayyana nan take: umarnin print ya koma buƙatar baka biyu, tsohon rubutu kuma sai ya ƙi tashi gaba ɗaya, a nuna layin da kuskuren yake. Irin wannan karyewa mai sauƙin magani ce, tunda tana nuna kanta. Mai haɗari ita ce wadda ke wucewa shiru. Raba 5 da 2 yana ba da 2 a Python 2, amma 2.5 a Python 3, manhajar kuma za ta ci gaba da lissafi ba gargaɗi.

Sauyi mafi zurfi ya shafi rubutu. A Python 2, jerin haruffa na yau da kullum jerin bait ne kawai, don haka kalmar "ƙasa" a tsarin UTF-8 tsawonta 5 ne, saboda harafin ƙ yana cin bait biyu. Python 3 ya raba rubutun Unicode da bait, ya ƙidaya haruffa 4, ya kuma hana cuɗa nau'o'in biyu. Gyaran daidai ne, kuma duk mai sarrafa rubutun da ya wuce haruffan Ingilishi ya amfana da shi. Sai dai kowane laburare mai karanta fayil ko mai hulɗa da intanet dole ya koma ya tantance, wuri bayan wuri, ko rubutu yake riƙe da shi ko bait. Na'ura ba ta iya yanke wannan hukunci, sai mutumin da ya san manufar aikin.

A nan ne jerin dogaro ya nuna ƙarfinsa. Mai manhaja ba zai ƙaura ba sai duk laburaren da yake amfani da su sun ƙaura, masu laburaren kuma ba su ga dalilin gaggawa ba tunda masu amfani da su suna kan Python 2. Kowa na jiran kowa. Laburaren NumPy ya fara aiki da Python 3 a 2010, na Django kuwa sai a 2013, shi ma a matsayin gwaji. An so dakatar da kula da Python 2.7 a 2015, amma aka ɗage zuwa 1 ga Janairu 2020, wato fiye da shekara 11 bayan fitowar 3.0.

Hanyar da aka fara tanadarwa ita ce 2to3, kayan aikin da ke juya tsohon rubutu zuwa sabo. Ga mai manhaja guda yana da amfani, ga mai laburare kuwa bai wadatar ba, domin shi yana hidima wa ɓangarori biyu a lokaci ɗaya. Abin da ya warware ƙullin shi ne rubutu guda mai aiki a sigogin biyu, da taimakon laburare irin su six. Masu kula da harshen su ma sun sassauto: Python 3.3 na 2012 ya dawo da alamar u ta Python 2 a gaban rubutu, ba don yana buƙatarta ba, sai don tsohon salo ya samu shiga. Wannan shi ne ginshiƙin lamarin. Girman sauyi bai kai muhimmancin samuwar wani lokaci da laburare zai iya tsayawa a ɓangarorin biyu ba. Idan babu wannan lokaci, dole dukan jerin ya ƙaura rana ɗaya, abin da ba ya yiwuwa ga dubban ayyuka da akasarinsu 'yan sa-kai ke riƙe da su.

Manufar Python ta yanzu, wadda ke cikin takardar PEP 387, ta tanadi cewa a yi gargaɗi na aƙalla sigogi biyu kafin a cire wani abu. Haka aka yi da laburaren distutils: an sanar da barinsa a 3.10, aka cire shi a 3.12 a watan Oktoba na 2023. Duk da haka laburare da dama sun ƙi girkuwa, domin gargaɗi ba ya isa ga aikin da mai shi ya daina dubawa. NumPy 2.0, wanda ya fito a watan Yuni na 2024, ya fi kusa da abin da ya kamata. Laburaren da aka harhaɗa kan sigar 1 ba sa tashi da sigar 2, amma waɗanda aka harhaɗa kan sigar 2 suna aiki da duka biyun, kuma an saki sigar gwaji tun watanni kafin nan domin masu dogaro su shirya.

Tsarin lamba uku da Tom Preston-Werner ya tsara yana ƙoƙarin sanar da irin sauyin ta lambar siga: ta farko tana hawa idan an karya dacewa, ta biyu idan an yi ƙari, ta uku idan gyaran kuskure ne. Alkawari ne na marubuci, kuma marubuci ba ya sanin duk halayen da jama'a suka dogara da su, har da waɗanda bai taɓa nufin su zama doka ba. Saboda haka wasu ke sa iyaka ta sama, su ce laburarensu ba zai karɓi siga 2 ta abin dogaronsa ba. A Python wannan kariya tana da tsada, domin muhalli guda siga ɗaya tak yake ɗauka ta kowane laburare, saɓanin npm na JavaScript da ke iya ajiye sigogi daban-daban gefe da gefe. Idan wani ya nemi ƙasa da 2, wani kuma ya nemi 2 zuwa sama, pip, kayan aikin girka laburare na Python, tun daga sigar 20.3 ta 2020, ƙin girkawa yake yi gaba ɗaya. Ƙulle sigogi dalla-dalla ya dace da manhajar da za a miƙa wa masu amfani. Laburaren da wasu za su ɗora aiki a kansa kuwa ya fi kyau ya sa iyaka ta sama a inda aka tabbatar akwai karyewa kaɗai.