Daga Kwalejin Katsina zuwa ta Minna: yadda ake horar da malaman 'ya'yanmu

Yawancin yaranmu na Beji da kewaye da suka gama sakandare suna da ƙofofi uku a kusa: Kwalejin Ilimi ta Minna, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Zungeru, sai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso da Gidan Kwano. Ta farkon ce ta fi shafarmu, domin wanda ya fito daga can da takardar NCE shi ne zai dawo ya tsaya gaban ƙannensa a firamare. In an dafa shi da kyau mun gani a gida, in bai dahu ba ma mun gani. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan sana'a.

Tushen abin yana Katsina. A watan Maris na 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, wadda aka kafa don samar wa makarantun lardunan Arewa malamai. Ɗalibai kaɗan ake ɗauka, kowane lardi ya turo nasa, su kwana a makaranta, su yi shekara biyar ana gogar su, musamman a Turanci da lissafi. Ahmadu Bello ya yi daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, dukkansu kuma da alli suka fara aiki.

Ƙasarmu ta Neja tana da rabo babba a wannan makaranta. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, can ya yi karatu, yana kuma malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, kafin Magana Jari Ce da aikin editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Aliyu Makaman Bida ya fito daga can ya koyar a Midil ta Bida har ya shugabance ta, daga baya ya zama Ministan Ilimi na Jihar Arewa. Sulaimanu Barau, Sarkin Abuja da aka raɗa wa Suleja sunansa, shi ma ɗalibin Katsina ne kuma tsohon malamin makaranta. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau.

Dattawa kan yi kewar wancan zamani, kuma suna da hujja. Amma mu faɗi gaskiya: ingancin Katsina da ƙuntatawa aka saye shi. Babu mace ko ɗaya, da yawan ɗaliban kuma 'ya'yan sarakuna ne da na ma'aikatan En'e. Ɗan manomin doya daga ƙauye irin namu da wuya ya ga ƙofar.

Da 'yancin kai ya matso, Kwamitin Ashby ya miƙa rahotonsa a 1960, ya nuna ƙasar ba ta da isassun ƙwararrun malamai. Daga nan aka soma kafa manyan kwalejojin malamai masu ba da NCE bayan shekara uku. Ta Zariya ta buɗe a 1962, ta Kano a 1964. Ta Minna ta zo a 1975, a ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma, 'yan watanni kafin a ƙirƙiro Jihar Neja a Fabrairun 1976. A 1983 aka ɗaga ta zuwa Kwalejin Ilimi. A wannan shekarar ce kuma Jami'ar Fasaha ta fara aiki, ta zauna a ginin tsohuwar Kwalejin Malamai ta Bosso. Mun samu jami'a, amma a mazaunin makarantar malamai ta tare.

Inda abin ya fi rikicewa shi ne 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Malamai ba su isa ba. Aka buɗe makarantun horon malamai barkatai, aka gajarta kwasa-kwasai, wasu shekara ɗaya ko biyu kawai, aka kuma ɗauki waɗanda ba su da horo sam. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, a 1976 ɗin aka kafa ta don a riƙa gyara waɗanda suka riga suka shiga aji. Ba ma zargin UPE. Da yawanmu masu karanta wannan rubutu albarkacinta muka iya karatu. Sai dai tun daga lokacin ake gina ajujuwa da sauri fiye da yadda ake dafa masu shiga cikinsu.

Gwamnati ta gane haka. A 1989 aka kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi, NCCE, wadda ke tsara mafi ƙarancin abin da kowane kwas zai ƙunsa, ta kuma riƙa zuwa tantancewa: malamai nawa, ɗakin karatu, ɗakin gwaji. A 1993 aka yi dokar rajistar malamai ta TRCN, da kuma asusun harajin ilimi da ya zama TETFund a 2011, wanda sunansa ke jikin sababbin gine-gine a kwalejojinmu. Aka daina ba da takardar Giredi Biyu, NCE ta zama matakin farko na shiga aikin koyarwa.

Duk da haka, a 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. An yi gardama sosai kan yadda aka shirya jarrabawar, amma ba wanda ya ce lafiya lau ake. A shekarun baya-bayan nan kuma JAMB ta sha tsayar da maki 100 cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin shiga kwalejin ilimi. Ke nan wurin da Arewa ta taɓa tura zaɓaɓɓun 'ya'yanta ya zama inda yaro ke zuwa bayan jami'a ta ƙi shi. Mu iyaye ma muna da hannu, don sau nawa muke ce wa yaro ya riƙa NCE kafin Allah Ya kawo wani abu?

Ba za mu iya maido da ƙuntatawar Katsina ba, ba ma so. Abin da za a iya ɗauka daga gare ta shi ne sa ido a kan kowane ɗalibi, kuma wurin da wannan ke zuwa hannunmu shi ne koyarwar gwaji. Kowane ɗalibin NCE sai ya fita makaranta ya koyar na wani zango, malaminsa na kwaleji ya zo ya zauna a bayan aji ya duba shi ya ba shi maki. Waɗannan ɗalibai makarantun garuruwa irin namu ake turo su. Shugaban makaranta da kwamitin iyaye suna iya rubuta ranar da ɗalibin ya zo, darasi nawa ya koyar, da kuma sau nawa mai duba shi ya taka ƙafarsa zuwa ajin, su aika wa kwalejin a ƙarshen zango.