Keso: Lambar 20,000 da Kakanninmu Suka Zaɓa

A tsohon garin Agadas, har yau akwai gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a watan Oktoba na 1850. Ya tarar a kasuwarmu gero ne ya fi aiki a matsayin kuɗi. Sai da ya gangara kudu, ya isa Tasawa a farkon 1851, sannan ya shiga ƙasar wuri sosai. A can ya ga ana zube wuri ana ƙirga 500,000 da hannu.

Yaya ake yi? Ana jan wuri biyar-biyar da yatsu. Biyar sau huɗu, hauya ke nan, wato 20. Hauya goma, tsibin 200. Tsibi biyar, 1,000. Dubu ashirin kuma a ɗure ta a buhun kaba, ita ce keso. Abin da Barth ya gani a Tasawa keso 25 ne cif.

Ni abin da ya ja hankalina shi ne ita kanta 20,000 ɗin. In ka farfasa ta, ba ka samun komai ciki sai 2 sau biyar da 5 sau huɗu: 32 × 625. Lambobi 30 ne ke raba ta ba saura. Kana iya raba ta biyu, ka sake, har sau biyar, kafin ka tsaya a 625. In ka tara dukkan masu raba ta, ban da ita kanta, za ka samu 29,203, sun zarce ta. Irin wannan lamba ce malaman lissafi na Larabawa ke kira za'id, wato mai rara.

Kun ga amfanin ga ɗan kasuwa. A Kano, Barth ya tarar dalar azurfa ɗaya wuri 2,500 ce. Ke nan keso ɗaya dala 8 daidai, ba gardama, ba canji.

Amma tana da aibi guda: 3 ba ta raba ta. Abokan ciniki uku su zauna kan keso, kowa ya ɗauki 6,666, wuri biyu su rage a tabarma. Haka mai fitar da sulusi a rabon gado.

Wuri ya tafi, amma ƙirgan biyar-biyar bai tafi ba. Je kasuwa yau: dala sefa 5 ce, jika kuwa dala 200. Tsohuwar da ba ta taɓa taka lakwal ba tana ninkawa da biyar a kanta, tun kafin kai ɗalibi ka zaro waya. To, don Allah, mu bar cewa lissafi kayan Nasara ne, ko wai kanmu ba ya ɗauka. Tun muna yara muke yin sa, in an aike mu sayen sukari.