Fuskar Likita a Jikin Kan Sarki: Daga Bergen zuwa Saye

A shekarar 1973, wadda a cikinta Najeriya ta ajiye fam da sule ta ɗauki naira da kwabo, gidan waya ya fitar da wani kan sarki da ya bambanta da 'yan'uwansa. Hoton wani likita ne a jikinsa, Dakta Gerhard Armauer Hansen, mutumin garin Bergen a ƙasar Norway. Kuɗinsa kwabo 20, sai ƙarin kwabo 2 da aka ɗora domin aikin yaƙi da kuturta. Mutumin Palladan a Zariya da ya gangara gidan waya na Sabon Gari ko ya haura na Samaru ya saye shi, ya aika wasiƙarsa kuma ya ba da sadaka a lokaci guda, ko da bai san wane ne mai hoton ba.

Kafin likita ya sami wannan gurbi an daɗe ana tafiya. Ingila ce ta fara buga kan sarki a 1840, da hoton Sarauniya Biktoriya, kuma ita ce dai a jikin na farko da aka buga da sunan Arewacin Najeriya a 1900. Da aka haɗa Kudu da Arewa a 1914, hoton Sarki Joji na Biyar ne a jiki. A wannan tsakanin ne jirgin ƙasa ya iso Zariya, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha, fatake da ma'aikatan reluwe suka buƙaci hanyar aika saƙo gida. Turawa kuwa sun fi son kati mai hoto, wanda ake rubutu a bayansa a jefa ba tare da ambulan ba. Ta irinsa ne mutanen Turai da yawa suka fara ganin ganuwa da kasuwannin ƙasar Hausa. Sannu a hankali sarautar Ingila ta matsa gefe: a jerin 1953 an ga mahaya dawakin Barno da gyaɗar Kano. Da aka sami 'yanci, ƙasa ta fara zaɓar abin da take so ta nuna wa duniya, kuma lafiya na cikin abubuwan farko. A 1962 an fitar da jerin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, lokacin da ƙasashe da dama suka amsa kiran Hukumar Lafiya ta Duniya suka buga irinsa.

To me Hansen ya yi da har ya cancanta? A watan Fabrairu na 1873 ya duba naman jikin majinyata a ƙarƙashin madubin likita, ya ga wasu ƙwayoyi ƙanana masu siffar sanda, ya ce su ne ke haddasa kuturta. A lokacin manyan likitocin ƙasarsa, har da surukinsa Daniel Danielssen, sun tsaya a kan cewa gadonta ake yi. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Mu ma mun daɗe muna bin asalin mutum kafin aure don gudun "jinin kuturta", an fasa aure da yawa a kanta, an ware mutane unguwa guda, har aka naɗa musu Sarkin Kutare. Binciken Hansen ya rushe tushen wannan ƙyama: cutar ƙwaya ce, ba gado ba, ba kuma tsinuwa ba. Abin da aka yi bikin cikarsa shekara 100 ke nan a 1973, kuma Nijar ma ta buga nata kan sarkin da hotonsa a shekarar.

Sai dai gano ƙwaya daban, samun magani daban, kuma a nan ne Najeriya ta taka rawar da ba a cika faɗa ba. Tun shekarun 1930 'yan mishan, da haɗin kan hukumomin En'e, suka buɗe wuraren jinya a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Daga baya aka yi na Danja kusa da Maraɗi. Maganin wancan zamani wani mai ne da ake ɗurawa da allura, ga zafi ga ƙarancin amfani. A ƙarshen shekarun 1940, a Uzuakoli ta gabashin Najeriya, Dakta John Lowe ya nuna cewa za a iya shan ƙwayar dapsone da baki ba tare da ta yi illa ba idan an rage yawanta, ga ta da araha. Wannan ne ya ba Dakta Charles Ross damar baza ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyukan Arewa cikin shekarun 1950, majinyaci ya karɓi ƙwayarsa ya koma gonarsa da iyalinsa. A Uzuakoli ɗin dai aka gwada clofazimine a farkon shekarun 1960. Waɗannan biyu, tare da rifampicin, su ne haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1981, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995.

A 1982 gidan waya ya sake waiwayar wani likitan, Robert Koch na Jamus, wanda ranar 24 ga Maris, 1882, ya sanar a Berlin cewa ya gano ƙwayar tarin fuka. Ƙwayar Koch da ta Hansen dangin juna ne, kuma a Zariya zumuncin nasu a fili yake: a Saye, wajen gari, cibiya ɗaya ce ta ƙasa ke horar da ma'aikatan yaƙi da tarin fuka da kuturta, ana zuwa daga kowace jiha. Wanda ya ajiye waɗannan kan sarki guda biyu a shafi ɗaya, aikin Saye ne ya ajiye a gabansa.

A daidai shekarun da ake liƙa hoton Hansen a ambulan, ana yin binciken da duniya ta ji labarinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Brian Greenwood ya yi wajen shekara 10 a Zariya yana nazarin sanƙarau. David Warrell ya yi aiki a kan saran kububuwa. Eldryd Parry da Neil Davidson sun bi diddigin ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Kelsey Harrison ya tattara bayanan haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aikin da ya taimaka wajen farkar da duniya game da mutuwar mata a wurin haihuwa. Shugaban jami'ar daga 1966 zuwa 1975 shi ma likitan yara ne, Farfesa Ishaya Audu. Gabaninsa akwai Dakta Barau Dikko na Wusasa, likita na farko ɗan Arewa, sannan ga Farfesa Umaru Shehu da ya yi rayuwarsa a fagen lafiyar al'umma.

Wasu ƙasashe ba sa wasa da irin waɗannan. Likitan Japan Hideyo Noguchi ya rasu a Accra a 1928 yana binciken shawara. Japan ta sa shi a kan sarki, ta sa shi a takardar kuɗinta ta yen 1,000, ta kuma kafa lambar yabo da sunansa. Da aka fara bayar da ita a 2008, Greenwood na Zariya na ɗaya daga cikin mutum biyu da suka karɓa.

Gaskiya ne waya ta cinye kasuwar wasiƙa, masu rubuta wa mutane takarda a bakin gidan waya ma sun yi ƙaranci. Amma hukumar gidan waya ta NIPOST, wadda aka kafa a 1985, har yanzu tana buga kan sarkin tunawa, kuma abin da ƙasa ta buga da sunanta yana shiga kundin duniya ya zauna. Ina kira ga Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar Saye da ƙungiyar likitoci ta jihar Kaduna su haɗa kai su miƙa mata buƙata a rubuce: a buga jeri guda na likitocin Arewa, a fara da Barau Dikko da Ishaya Audu da Umaru Shehu.