Yadda Bugun Sabis Ya Taso Daga Ƙasa

Duk yaron da ya je koyon tanis yau, gyaran da koci zai fara yi masa a bugun sabis, wato bugun fara wasa, sananne ne: ya daina riƙe raket kamar mai fifita wuta da faifai, ya cilla ƙwallo sama sosai a ɗan gabansa, ya lanƙwasa gwiwa ya yunƙura. Da wannan kocin zai leƙa gasar Wimbledon ta farko a 1877, da 'yan wasa 22 da suka shiga gasar duk sun sha faɗa. Daga ƙasa suke bugowa, ko daidai kafaɗa, don dai a fara wasa. Ragar ma ta kai ƙafa 5 a gefenta.

A 1878 wani mai suna A. T. Myers ya zo da bugu daga saman kai. Masu tsara doka suka yi ta rage wa mai sabis fili: layin da ƙwallo ba za ta wuce ba ya matso daga ƙafa 26 zuwa 22, sannan 21 a 1880, inda yake har yau.

Amurkawa kuma suka ƙaro nasu salon. A gasar Kofin Davis ta farko a Boston a 1900, Holcombe Ward da Dwight Davis sun riƙa goga ƙwallo ta yadda in ta dira sai ta yi tsalle ta karkace. 'Yan Birtaniya suka rasa inda za su tare ta, suka koma gida da ci 3 da nema.

Tsallen da ake koya wa yara yanzu kuwa laifi ne a da. Daga 1908 har farkon shekarun 1960, dole ƙafa ɗaya ta kasance a ƙasa lokacin bugu. A haka Pancho Gonzales ya addabi abokan karawarsa, abin da ya kamata masu raina 'yan da su tuna. Bugun ƙasa ma bai mutu ba: a gasar Faris a 1989, Michael Chang, ɗan shekara 17, da ƙafafunsa suka riƙe, ya sulalo wa Ivan Lendl ɗaya daga ƙasa, ya ci wasan, ya kuma ɗauki kofin.

Ciwon da ya fi wuyar magani shi ne ɓata bugu biyu a jere, wanda ke ba abokin karawa maki a banza. Anna Kournikova ta yi haka sau 31 a wasa guda a Ostareliya a 1999, kuma duk da haka ta ci. An daɗe ana ɗora abin a kan faɗuwar gaba kawai. Aryna Sabalenka, wadda ta ɓata bugu biyu a jere sau 428 a 2022, har ta kai ga bugawa daga ƙasa tana hawaye a Adelaide, ta nemi gyara ta wata hanya: ta ɗauko Gavin MacMillan, masanin motsin jiki, ya wargaza bugun ya sake ɗora shi. A Janairun 2023 ta lashe gasar Ostareliya. A Agustan 2025, ana saura kwanaki a fara gasar Amurka, Coco Gauff ma ta ɗauke shi aiki.