Tarihin Maganin Ido a Illela da Kewayenta

Illela tana arewacin Jihar Sakkwato, kimanin kilomita 85 daga birnin Sakkwato, dab da iyakar Nijar, tana fuskantar Birnin Ƙonni. Ƙasa ce ta rairayi da iska. Hunturu na zuwa da ƙura, bazara da zafi da ƙarancin ruwa, kaka kuma da ƙaiƙayin sussuka da ke faɗawa idon manomi. Ido na shan wahala a irin wannan wuri, shi ya sa sana'ar maganinsa ta daɗe a yankin, tun kafin a shata iyakar da ta raba Illela da Ƙonni a farkon ƙarni na 20.

Hausawa sun bambance cututtukan ido da sunayensu. Yana ita ce farin hazon da ke rufe ƙwayar cikin ido, galibi ga tsofaffi. Hakiya farin tabo ne a kan baƙin ido, wanda rauni ko gyambo ke bari. Amodari kan fara da ƙaiƙayi da kwantsa tun yarinta, ya yi ta dawowa har fatar ido ta naɗe ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar. Dundumi kuwa rashin gani ne da zarar magariba ta yi, kuma yau an san ƙarancin sinadarin bitamin A ne ke kawo shi. Sanin suna bai ba da magani ba, har aka ce ciwon ido sai haƙuri, amma ya nuna an daɗe ana lura da kyau.

Kwalli na cikin magungunan da suka daɗe. Mata da maza suna sa shi, ana ɗiga wa jarirai, don ado da kuma imanin yana wanke ido. A duniyar Musulunci ma daga kwalli aka samo sunan likitan ido, wato kahhal. Hunain bn Ishaƙ ya rubuta maƙaloli goma a kan ido a Bagadaza cikin ƙarni na 9, Ali bn Isa ya biyo baya da littafin da masu wannan sana'a suka riƙe ƙarnuka. Ilimin ɗibbu na Larabci ya iso ƙasar Hausa ta hannun malamai, kuma yankin Ƙonni ba baƙo ba ne a harkar karatu: a nan kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka zauna, an kuma haifi Shehun a Maratta a 1754. Ɗansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da wanda ya keɓe wa ciwon ido. A ƙauye kuwa abin da ke hannu ake sa wa: ruwan ganye, zuma, nonon uwa, wani lokaci da abubuwa masu zafi da ke mayar da ƙaramin gyambo ya zama hakiya.

Yana kuwa tsofaffin masu magani sun yi mata aikin hannu, kuma aikin ya cancanci a tsaya a kansa. Mai aikin kan zaunar da majiyyaci yana fuskantar haske, wani ya riƙe masa kai. Sai ya soka allura ko siririn ƙarfe ta gefen farin ido, ya tura ƙwayar da ta yi hazo har ta tsinke daga mazauninta, ta faɗa can ƙasan ido. Nan take haske ya shiga. Tsohon da ya shekara biyar ana jan sa da sanda sai ya ga inuwar mutane, ya ƙirga yatsu, jama'a su yi kabbara. Wannan dabara ba a ƙasar Hausa ta fara ba, tsofaffin littattafan Indiya da na Rum sun bayyana ta, kuma kusan shekara ta 1000 Ammar al-Mausili ya gwada zuƙe yanar da allura mai rami a Masar. Masu yin ta a arewacin Nijeriya da Nijar yawanci matafiya ne, masu bin kasuwanni irin ta Lahadi a Illela da ta Laraba a Ƙonni. Yawon nan na cikin sirrin sana'ar. Cikin 'yan kwanaki ko makonni ƙwayar da aka tura kan tayar da kumburi, ko ƙarfin ruwan ido ya hau, ko ƙazantar allura ta sa ido ya ruɓe. Kafin nan mai aikin ya karɓi kuɗinsa ko akuyarsa, ya yi nisa. Wanda ma aikin ya yi wa kyau ba ya gani garau sai da tabarau mai kaurin gaske, domin an raba idon da ƙwayar da ke tattara masa haske.

Waɗanda suka makance ba a bar su a watse ba. A manyan garuruwan Hausa akwai Sarkin Makafi mai shari'a tsakaninsu da wakiltarsu a fada, a Kano ma suna da unguwarsu. Sun shahara da tufkar igiya, da haddar Alƙur'ani da waƙoƙin wa'azi. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, ya makance tun yana ƙarami. Sai dai kowane makaho na tafe da ɗan jagora, yaron da makantar wani ta hana shi makaranta ko gona.

Aikin asibiti ya bi wata hanya dabam. A 1747 Jacques Daviel na Faransa ya fara fitar da yanar waje ɗungurungum maimakon tura ta ciki. A Nuwamban 1949, a asibitin St Thomas da ke Landan, Harold Ridley ya sa ƙwayar roba a gurbin wadda aka cire. Ridley ya yi aikin soja a ƙasar da ake kira Gana yanzu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya nazarci makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa. A ƙasar Hausa, mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin ido a Kano a 1943, wanda yau ake kira asibitin ido na ECWA, ya kuma buɗe babban asibiti a Galmi a 1950, tafiyar kusan awa guda gabas da Ƙonni. Mutumin Illela ya sami kansa tsakanin hanyoyi biyu: ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar Faransawa, ko ya yi doguwar tafiya kudu. Daga baya aka sami asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna wadda aka yi dokar kafa ta a 1979.

Babbar nasarar ƙarni na 20 ba a ɗakin tiyata aka same ta ba. Agana, wadda ta tsiyaye idanu ba iyaka, ta ƙare a Nijeriya a 1970 ta hanyar lamba. Rigakafin ƙyanda da rabon bitamin A sun rage yaran da ke tashi daga zazzaɓi da hakiya a ido biyu, matsalar da likitoci suka bayyana dalla-dalla a arewacin Nijeriya a 1979. Amodari ma an sa shi gaba da tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya mai ƙafa huɗu: gyaran fatar ido, rabon maganin azithromycin, wanke fuska, da samar da ruwa da masai don rage ƙuda. Jihar Sakkwato na cikin wuraren da ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana wannan aiki tare da gwamnati.

Duk da haka, binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya. Yana ce ta jawo kashi 43 na wannan makanta, hawan jinin ido ya biyo ta, kuma kashi 84 abin da za a iya hanawa ne ko a warkar. Binciken ya kuma gano cewa, cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, sama da kashi 40 da allurar gargajiya aka yi, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan ba sa gani. Shekara 260 bayan Daviel ke nan. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mai allura na zuwa har ƙofar gida, yana jin harshen mutane, yana karɓar biya kaɗan-kaɗan, asibiti kuwa sai da kuɗin mota da na ɗan rakiya da kwana a baƙon gari.

A kan wannan tarihi ne labarin ƙwayoyin tushe ya sauka. Su ne uwayen ƙwayoyin halittar jiki, masu iya hayayyafa su rikiɗa zuwa wani nau'in nama. A gefen baƙin ido akwai irinsu, masu sabunta fatarsa. A 1997 Graziella Pellegrini da Michele De Luca na Italiya suka nuna za a iya ɗibar kaɗan daga lafiyayyen ido, a raine su a ɗakin gwaji, a shimfiɗa a idon da sinadari ya ƙona. A 2015 Tarayyar Turai ta amince da wannan magani da sunan Holoclar. Wani ɓangaren binciken ƙwayoyin tushe kuma ya shafi shimfiɗar bayan ido mai ɗaukar hoto, wadda tsufa ko gado ke lalatawa. A Janairun 2012 aka ba da rahoton gwajin farko a kan mata biyu a Los Angeles, a Satumban 2014 kuma Masayo Takahashi da abokan aikinta a Kobe ta Japan suka dasa wa wata tsohuwa ƙwayoyin da aka sarrafa daga fatarta, bisa dabarar da ta ba Shinya Yamanaka kyautar Nobel a 2012. Wannan ɓangare har yanzu gwaji ne a kan mutane ƙalilan.

Mai allura ma ya sake bayyana, sanye da farar riga. A 2015, a wani ɗakin magani a Florida ta Amurka, an yi wa tsofaffin mata uku allurar ƙwayoyin da aka tace daga kitsen jikinsu a ido biyu, kowacce ta biya dala 5,000. Ɗaya ta makance ƙurmus, sauran biyun suka rasa yawancin ganinsu. Tallar irin wannan magani tana yawo a wayoyin hannu, ciki har da ƙwayoyi da garin sha da ake liƙa wa sunan ƙwayoyin tushe, alhali babu abin haɗiya da ke dasa sabon nama a ido.

Ga mai hakiya ta ƙuna, binciken Italiya bushara ce ta gaske, ko da yake tsadarsa ta fi ƙarfin talaka nesa. Amma ƙwayoyin tushe ba sa cire yana, ba sa miƙe fatar idon da amodari ya naɗe, kuma ba su kai ga farfaɗo da jijiyar da hawan jinin ido ya kashe ba. Makantar da ta fi yawa a ƙauyukan Illela da Gada da Gwadabawa maganinta na nan tun zamanin Ridley: aikin da bai cika kai rabin awa ba, da ƙwayar roba mai araha, washegari a cire bandeji.