Ungozoma Biyu a Ƙasar Sanyinna

Tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a Tambuwal yana tsaron wannan sashe na daular Sakkwato, har bayan da Nasara suka ci Sakkwato a 1903, duk wanda aka haifa a Sanyinna da ƙauyukan da suka miƙa zuwa Kebbe, malami ne ko manomi, basarake ko talaka, ta hannun wata tsohuwa ya fara ratsawa, wadda tarihi bai adana sunanta ba, alhali kuwa ita ce ta yanke masa cibiya.

Abin lura a sha'anin ungozomar dauri shi ne, galibi ba a kiranta sai ɗa ya faɗo. Kunya da dauriya, musamman a haihuwar fari, sun hukunta wa mace ta durƙusa ita kaɗai a ɗaka, ta danne nishinta kada maƙwabta su ji. Sai bayan an ji kukan jinjiri a aika yaro ya kira tsohuwa, ta zo ta yanke cibi, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta wanke jariri, sannan ta tsaya kan wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye, safe da maraice, da kunun kanwa, har a yi arba'in. Ladanta hatsi ne da goro da sabulu, da rabonta na ragon suna. Ni dai ban yarda a raina wannan hidima ba, domin amana ce ta riƙe a lokacin da babu wanda zai riƙe ta.

Sai dai idan naƙuda ta yi tsawo, abin da ke hannunta bai wuce rubutun sha daga wurin malam ba, ko yankan gishiri, wanda shi da doguwar naƙudar suka bar mata da yawa da lalurar yoyon fitsari, irin wadda ake ɗinkewa yanzu a asibitin Maryam Abacha da ke Sakkwato. Haka kuma likitocin Zariya, a shekarun 1970, sun danganta yawan kanwa da zafin wanka da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Malamar asibiti ta gaji sunan ungozoma, amma ta sauya lokacin zuwa, domin aikinta yana farawa tun daga awon ciki, inda take duba hawan jini don gudun jijjiga, ta kwana a ɗakin haihuwa tana sauraren bugun zuciyar ɗan da bai fito ba, kuma sau da yawa ta karɓi wadda aka kawo a kan babur bayan kwana biyu tana fama. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta fara tura ungozomomi zuwa asibitocin karkara, yau kuma a Tambuwal kanta akwai kwalejin da ke koya wa 'yan matan yankin wannan aiki.

Da yake har yanzu mafi yawan haihuwa a gida ake yi, a 2013 Jihar Sakkwato ta soma kai magani cikin gidaje: ƙwayoyi uku na misoprostol da mai jego za ta haɗiye da zarar ta sauka don tsayar da zubar jini, da man chlorhexidine da ake shafa wa cibiya a maimakon gasa ta da tsumma.