Bututun da Ya Hana Birtaniya Jin Ɗumi

A watan Disamba na shekarar 2010 Birtaniya ta shiga sanyin da ba ta taɓa ganin irinsa a wannan wata ba cikin kusan shekara ɗari. A tsakiyar wannan hunturu tukwanen ɗumama gida suka riƙa mutuwa gida bayan gida, a daidai daren da aka fi bukatarsu. Da yawansu sababbi ne, kuma babu abin da ya lalace a cikinsu. Matsalar tana waje, a jikin bango: wani siririn bututun roba ne ruwa ya daskare a cikinsa.

Asalin wannan bututu yana cikin yadda iskar gas take ƙonewa. Mafi yawan gas ɗin da ake kai wa gidaje methane ne, kuma idan ya ƙone yana haifar da ruwa: kowane kilo ɗaya na gas yana ba da fiye da kilo biyu na ruwa a siffar tururi. Tsofaffin tukwane suna sakin wannan tururi ta bututun hayaƙi da gangan, domin idan ya koma ruwa a cikinsu zai cinye ƙarfen. Sai dai tururin yana tafiya da zafi, kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin gas ɗin. Muddin makamashi yana da araha, babu wanda wannan asara ta dama.

Rikicin man fetur na 1973 ne ya sauya lissafin. Ƙasar Holan, wadda ta gano babban filin gas na Groningen a 1959 ta kuma jona kusan dukkan gidajenta da shi, ita ce ta fi ba da himma wajen neman tukunyar da za ta tatse wannan zafi. A farkon shekarun 1980 kamfanin Nefit ya fitar da irinta kasuwa. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Ruwan da ya zagaya ɗakuna ya dawo da sanyi-sanyi, shi ake bi da shi ta gefen hayaƙin; idan bai kai digiri 55 ba, tururin sai ya koma ruwa, kamar yadda gumi yake taruwa a ƙarƙashin murfin tukunyar miya, zafinsa kuma ya shige cikin ruwan gida.

Ribar ta zo da nata nauyi. Tukunyar da a da ba ta zubar da komai, yanzu tana iya tsiyayar da lita biyu ko fiye a awa guda idan tana aiki sosai. Ruwan kuma mai tsami ne, ma'auninsa na pH tsakanin 3 da 5, kusa da na ruwan tumatir. Ba ya ƙona hannu, amma a hankali yana cin tagulla da ƙarfe da siminti, don haka dole bututunsa ya zama na roba. Dole kuma a sa masa tarkon ruwa, wato lanƙwasa wadda ruwa yake kwanciya a cikinta, domin kada hayaƙi ya biyo bututun ya shigo ɗaki.

Birtaniya ta daɗe tana jan ƙafa. Masu gyaran famfo ba su yarda da sabuwar tukunyar ba, masu gidaje kuma suna ganin tsadarta. Abin da kasuwa ta ƙi yi, doka ta yi shi: daga ranar 1 ga Afrilu 2005, sashen L na dokokin gini a Ingila da Wales ya wajabta cewa kusan duk tukunyar gas da za a kafa ko a maye gurbinta ta zama mai mayar da tururi ruwa. A shekarar ce yarjejeniyar Kyoto kan rage hayaƙi ta fara aiki, kuma ofishin mataimakin firayim minista John Prescott ne ke riƙe da dokokin gini a lokacin. A 2007 aka haɗa da tukwane masu amfani da mai.

Nan ne aka yi sakacin. An auna ingancin tukunya har zuwa ɗigon kashi cikin ɗari, amma inda ruwanta zai zuba an bar shi ga wanda ya zo kafawa. Gidajen Birtaniya da yawa tsofaffi ne, kuma tsohuwar tukunya tana zaune inda ba a taɓa tunanin magudana ba: a gareji, ko ƙarƙashin rufi, ko a bangon kicin nesa da wurin wanke-wanke. Jan bututu ta cikin gida yana nufin ɗaga katakon ƙasa da fasa kabad, aikin yini guda da mai gida ba ya son biya. Huda bango a fitar da bututu mai faɗin milimita 21 ko 22 ya gangara zuwa lambatu kuwa aikin minti kaɗan ne. Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan masu kafawa, domin damunan sanyin da suka biyo bayan dokar masu sauƙi ne, kuma aikin da aka yi a gaggauce bai nuna aibinsa ba.

Hunturun 2009 zuwa 2010, mafi tsanani tun na 1978 zuwa 1979, shi ya fara tona asirin, sannan Disamba mai biye masa ya ƙarasa. Ruwan da ke ɗiga kaɗan-kaɗan a siririn bututu yana daskarewa daga bakin fita ko a lanƙwasa, ƙanƙarar tana hawa sama har ta toshe hanya. Ruwa ya taru ya koma cikin tukunya, ita kuma ta kashe kanta kamar yadda aka ƙera ta ta yi. Abin mamaki shi ne arahar maganin: a zuba wa bututun ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba don kada robar ta tsage, a sake kunna tukunya. Amma tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a bene, bututunta yana can sama a bango cikin dusar ƙanƙara, sai ta jira ma'aikaci kwanaki a ɗaki mai sanyi.

Bayan haka ƙungiyar masana'antar ɗumama gida, HHIC, ta fitar da jagora wanda ya juya fifikon. Zaɓi na farko shi ne a zubar da ruwan a cikin gida, a haɗa shi da magudanar wurin wanke-wanke ko ta injin wanki ko babban bututun bayan gida. Idan ruwa ba zai gangara da kansa ba, a sa ƙaramin famfon lantarki ya tura shi. Fita waje ya zama mafita ta ƙarshe, kuma da sharuɗɗa: faɗin cikin bututun ya kai aƙalla milimita 30, a naɗe shi da abin tsare sanyi wanda ruwan sama ba ya ratsawa, a gajarta shi, a ba shi gangara sosai, a rage lanƙwasa. Inda babu magudana sam, ana haƙa ɗan rami nesa da harsashin gini a cika shi da tsakuwar farar ƙasa, wadda take kashe tsamin. Masu ƙera tukwane ma sun sa tarkon da yake tara ruwa ya sake shi gaba ɗaya yana da ɗumi, maimakon ɗigo-ɗigo.

Jagora dai ba ya komawa ya gyara aikin da aka riga aka yi. Da guguwar sanyi ta taso daga gabas a ƙarshen Fabrairu 2018, labarin ya maimaita kansa a gidajen da bututunsu na nan yadda aka bar shi. Sannan a 2022, da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi, aka fara kira ga jama'a su rage zafin ruwan tukwanensu zuwa digiri 60 ko ƙasa, domin ya bayyana cewa da yawa an saita su da zafi mai yawa har ba sa mayar da tururin ruwa yadda ya kamata. Dokar gini ta Ingila ta wannan shekara ta ce a tsara sababbin tsarin ɗumama gida a kan digiri 55. Duk tukunyar da aka saita haka tana cin gas kaɗan, tana kuma aika ƙarin ruwa cikin wannan bututu.